Man Shanu a Ƙafafun Mota

Motar ta riga ɗiyata shiga gidanmu da wata biyu. Ina da tsohon ciki ranar da anka turo ta, maza wajen goma suna turi suna haki, maigidana yana ciki yana juya mata kai. Sai da anka kwance danga ta wajen gabas sannan ta samu shiga. Ƙaramar kamiyo ce, gabanta wurin zaman mutum biyu, bayanta akwatin katako. Ta wani Nasara ce mai sayen gyaɗa da fatu a Madawa, wanda maigidana ya yi shekaru yana tuƙa mishi. Da yaƙin Nasara ya tashi man isansi, wanda mota ke sha, ya ɓace, mutumin ya tattara nashi ya tafi, ya bar mishi ita, don ta tsufa kuma babu abin da za ta sha.

Ni mutumiyar Allakaye ce, aure ya kai ni Babankatami. Iyayen maigida sun rasu tun kafin in zo. Gidanmu shi ne na ƙarshe, daga shi sai duwatsu. Tun da anka kawo ni ban taɓa ganin ya yi kwana bakwai jere a gida ba, kullum yana hanya da motar wani. Ranar da tashi ta shigo ya dafa ta ya ce mini, "Ran da isansi ya dawo na gama kwanan hanya. Buza, Karofane, Madawa, in kai 'yan kasuwa da sahe in dawo da marece. Ke har sai kin gaji da ganina." Na riƙe maganar nan fiye da yadda ya yi zato.

Ɗiyata ba ta fara zama ba wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo daga wurin kumandan mai mulkin ƙasarmu, ya ce soja na neman masu tuƙi. Kwana uku anka ba maigidana ya shirya. Biyu a cikinsu ya ƙarar da su a kan motar, ni kuwa ya tsaida ni kusa da shi.

"Matso mana. Ba ta cizo."

"Ni hwa ban san kanta ba, Malam."

"Akuya da kinka iske gidan ga kin san kanta? Ga ta nan ta yi ƙiba."

Ya ɗaga ta da wani ƙarfe da yake kira kirik, ya jera faffaɗan duwatsu ƙarƙashinta har ƙafafun huɗu sunka rataya ba su taɓa ƙasa. Ya nuna mini ƙarfen murɗi da ramin da ake sa shi a gaba, ya ce kowace Juma'a in murɗa sau ashirin don kar cikinta ya daskare. Ya ce in zagaye duwatsun da toka saboda gara. Sannan ya durƙusa ya shafa robar ƙafar gaba kamar mai shafa kan yaro.

"Ƙarhe maƙeri na gyarawa. Katako ana sassaƙa wani. Amma waɗanga, ko Tawa kinka tahi ba ki samun guda. Ki ruhe su da zana, kar rana ta gan su. In sun mutu, mota ta mutu."

Bayan tafiyarshi babana ya aiko daga Allakaye in koma gida har mijina ya dawo. Na ce da ɗan aiken ya gaida shi, ya ce mishi an bar mini amana mai nauyin da jaki ba ya ɗauka. Na zauna. Mutum ɗaya ke leƙo ni, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, matar baduku, da nake kira Inna. Matan gari ba su ƙi ni ba, amma nisa da rashin sabo sun sa gaisuwarmu ba ta wuce bakin rijiya.

Sai motar ta zama aikina, ta kuma zama abin kallona. In na gama daka in zagaya ta, in leƙa ƙarƙashi, in taɓa nan in taɓa can. Ranar Juma'a in goya ɗiyata in kama ƙarfen murɗi da hannu biyu. Da fari sau uku nake yi in tsaya ina haki. In ya juya sai cikin motar ya yi wani nishi, huf, huf, kamar saniya kwance. Yarinyar takan yi barci da jijjigar. Wani makon, in Inna ba ta da lafiya, nishin nan ne kaɗai ke amsa mini a gidan. Nakan buɗe ƙofa in zauna inda yake zama, akwai warin taba da tsohon mai a wurin, in kalli danga ta cikin madubin gaba har inuwa ta juya.

Gyara kuwa na yi shi iyakar sanina. Zanzaro ya gina ɗaki cikin bututun baya, na tone shi da mazari. Ɓera ya huda mazauni ya kwashe abin ciki, na cusa auduga na ɗinke. Babban aiki shi ne na gara. Iska ta jingina karan dawa guda a jikin akwatin, ban lura ba, gara ta bi ta nan ta cinye katako biyu. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na ciro katakon tsohon ƙyauren da ke bayan rumbu, na yi ta gurza shi da gatari har ya shiga gurbin. Ƙusa babu, duk ƙarfen gari ya tafi ga hauya. Inna ta kawo mini ɗanyar fata daga wurin tsohonta, munka yanka ta siri-siri munka jiƙa, na ɗaure katakon da ita. Da ta bushe ta ja ta kame, ko da ƙafa na doka bai motsa ba. Ranar na ji kaina ya ɗan yi girma. Na ce ashe abin Nasara ma yana jin maganin gida.

Da bazara ta yi tsanani na ɗaga zana wata safiya, sai na ga tsaga a jikin robar, ƙanana-ƙanana, sun bi gefe kamar zanen ƙwarya. Na duba ta biyu, haka. Duk huɗun haka. Na ƙara zana, na yayyafa ruwa, washegari na ga kamar sun ƙaru. Ko sun ƙaru da gaske ko idona ne, har yau ban sani ba. Na tsallaka danga na kira Inna.

Ta zo tana ɗingishi, ta duƙa, ta kankara da farce, ta sansana.

"Hwaso ne, ɗiyata. Irin na diddigena."

"To mi za ni yi, Inna? Ya ce in sun mutu mota ta mutu."

"Ke cika tsoro! Shekarata arba'in gidan dukanci, ban ga abin da ya bushe ya tsage mai ya kasa shi ba. Guga, salka, takalmi, linzami. Har tsohon nan nawa in ya bushe mai nika shafa mishi, ga shi nan bai yage ba."

"Bai ce in sa mai ba."

"Ya ce kar ki sa?"

"Bai ce ba."

"To! Namiji ina ya san shafa? Shi dai ya ga abu shina sheƙi ya ce madalla."

Na yi dariya, rabona da dariya an daɗe. Kuma maganarta ta zauna mini. Abin baƙi ne, yana lanƙwasa, yana tsagewa in ya bushe. Da me ya bambanta da fata?

Akwai wata Buzuwa da ke kawo mini nono da man shanu ina ba ta hatsi. Na daina sa man a tuwo. Har wanda nake shafa wa yarinya bayan wanka na rage, in ɗan laƙata mata kaɗan in kai sauran ga mota, abin da har yanzu nake jin nauyinshi. In narka shi a kasko, in shafa da tsumma ciki da waje, in bi tsagogin da gashin kaza don ya shiga sosai. Ƙafafun sunka yi baƙi wuluk suna ƙyalli, tsagar ta ɓace wa ido. Inna ta zo ta gani ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta ce amarya huɗu gida ɗaya. Na mai da shi aikin Juma'a, in gama murɗi in yi shafa. Haka na yi bazara, na yi damina.

Wajen kaka na fara ganin tsummana yana yin baƙi. Na danna robar da yatsa, sai ta lotsa ta daɗe ba ta dawo ba, yatsan kuma ya fito da danƙo. Gefen ɗaya ya kumbura kamar ƙurji. Tururuwa ta ja layi ta tsallake tokar. Bayan 'yan kwanaki na iske ɓeraye sun gwigwiyi ta baya ta hagu har farin zaren ciki ya fito. Na zauna a ƙasa, yarinya na jan zanena, na kasa ko ɗaga ta.

Na wanke da ruwan toka. Na goge da rairayi. Duk inda na goga sai baƙin ya biyo hannuna kamar ƙullu. Inna ta zo ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wagga hwata ba a jeme ta da bagaruwa ba," ta juya ta fita. Daga ranar ta rage shigowa. Kunya ce, na sani, ni ma ban ga laifinta ba, amma sai gidan ya ƙara faɗi. Na rufe ƙafafun da zana biyu-biyu na danne da duwatsu. Wata biyar ina ɗauke da abin ni kaɗai. In na ji tafiya bayan danga sai in waiwaya wajen motar. Mutumin da nake roƙon Allah ya dawo mini da shi, shi nake tsoron jin sallamarshi.

Ya dawo da hantsi, a ƙasa daga Buza, ya rame, da bargon soja a kafaɗa. Yarinya ta gan shi ta ɓuya bayana tana tsala ihu. Ya sha ruwa, ya tambayi mutanen gari, wa ya rasu wa ya haihu, idonshi kuwa yana kan motar. Ya tashi. Ya ga katakon da ɗaurin fata, ya girgiza shi, ya ce, "Wa ya yi wanga?" Na ce ni. Ya ce, "Kai!" Ya sa ƙarfen murɗi ya juya, ya juyu sumul. Ya waiwayo yana murmushi har haƙoranshi na waje.

"Kin riƙe ta. Wallahi kin riƙe ta. Isansi ya fara shigowa Madawa, kin sani?"

Ya ture dutse ya ɗaga zana.

Ya danna babban yatsa. Ya duba yatsan. Ya kai hanci.

"Mai?"

"Man shanu."

"Sau nawa?"

"Kowace Juma'a. Tun bazara har kaka." Sai magana ta ɓalle mini, na ba shi labarin tsagar, da diddigen Inna, da guga, da gashin kaza, ina yi ina kuka.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da motar. Na so ya yi faɗa, bai yi ba.

"Roba ba ta shan mai," ya ce a hankali. "Mai shi ka cin ta. Duk wanda ya taɓa bin mota ya san haka, shi ya sa bai zo mini in hwaɗa miki ba. Na hwaɗi rana, na hwaɗi gara." Ya goge yatsan a ƙasa. "Tsagar nan ta bisa ce. Da an bar su da ita da sun kai mu shekara biyu."

Ya gwada duk da haka. Ya hura ɗaya da famfo, gefenta ya buɗe, robar ciki ta leƙo kamar hanji. Ya cusa wa ta biyu busasshiyar ciyawa ya daddanna da taɓarya, ya gangara ta a tsakar gida, kafin ta kai bakin rumbu ta rabe. Ya kai wa tsohon Inna guda ko za a fid da takalma, tsohon ya dawo da ita, ya ce ba ta riƙe ɗinki.

Kwana goma sha tara ya yi. Wani mai motoci a Maradi yana neman matuƙi, can kuma ne ake jin labarin ƙafafun mota in sun shigo daga kudu. Irin na tamu an daina kawo su, sai dai a dace da tsofaffi ɗaya-ɗaya. Ya kwance ƙarfen ƙafa guda ya ɗaura wa jaki don ya riƙa gwada duk robar da ya samu. Na raka shi har inda duwatsu sunka fara. A ranar ce yarinyar ta fara yarda ya ɗauke ta, ya ɗauke ta 'yan taku, ya miƙo mini ita.

"Huɗu ne kawai," ya ce. "In sun cika na dawo."

Ta farko ta iso bayan wata bakwai, a bayan raƙumin wani mai fatauci, tare da gaisuwa, babu ranar zuwa. Tsohuwa ce, da faci biyu, da tsaga ƙanana a gefe. Na gangara ta har cikin ɗaki na kwantar ƙarƙashin gado inda rana ba ta kai. Ban taɓa ta da komai ba, ko ruwa.