Tsayar Mini In Karanta

Ni da ƙawata a waya ɗaya muke kallo, tata, da iyafis ɗaya, kowa da kunne guda. Gidansu na manne da namu a Talata Mafara. Duk ranar kasuwa sai mu je wurin mai tura finafinai ya zuba mana na Koriya, waɗanda aka yi wa fassarar Hausa, mu dawo mu baje kan tabarma bayan la'asar.

Ita ce ta ɓullo da fitinar nan ta finafinai masu rubutun Turanci a ƙasa, wai jarrabawa na tafe. Na yarda don dole. Rubutun nan kuwa ba ya jiran kowa, kafin in gama haɗa kalmomin farko ya ɓace. Sai in zungure ta, ta tsayar, mu yi ta musu kan ma'anar kalma har ɗaya ta gaji. A haka na san yadda ake cewa gado da cin amana da Turanci, don mutanen nan kullum a kansu suke rigima. Wallahi na fi son musun nan da fim ɗin kansa.

Sai ga ɗiyar kawunta daga Bakura ta zo zama gidansu don karatu. Yarinya sai ka ce lashe rubutu take yi! Aka cire iyafis, aka saki murya tunda mun zama uku. Su yi dariya tare, tawa sai ta iso bayan an wuce wurin. Har wajen wanke-wanke suka fara jefa wa juna Turanci. Kishi na ji, kishi tsagwaronsa. Ko gaisuwar yarinyar nan haushi take ba ni, alhali ba ta taɓa yi mini komai ba.

Ranar da muka kai kashi na ƙarshe na fim ɗin da muke kallo, jarumin na kwance a asibiti, likita na yi wa matarsa bayani, na kasa daurewa. Na ce wa ƙawata, "Ke, tsayar mini."

Ta tsayar. Ba ta ja ni da musu ba, ba ta ma tambayi abin da na fahimta ba. Suka tsaya su biyu suna jirana, 'yar Bakura har da cewa, "Karanta a hankali, Yaya."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Haruffan suka dagule mini. Na ce na gama, ko rabi ban kai ba.

Ƙawata ta saki fim ɗin, suka fashe da kuka, suka rungume juna. Ni ina gefen tabarma, ban san ko mutuwa zai yi ko tashi ba, kuma ban tambaya ba.