Fatar da Ba Ta Yin Gumi

Ko na bar wannan aikin gobe, ba na jin ranar da Yaya Bukar ya faɗi a tashata za ta fita daga raina. Sista Binta ce ta ce in rubuta yadda abin ya faru, saboda ku sababbin da za a raba wa tashoshi a gudu mai zuwa. Na ce mata har yanzu abin bai sake ni ba. Ta ce in rubuta a hakan.

Sunana Hindatu. Na shigo ƙungiyar nan ta taimakon waɗanda wuta ta ƙona bayan na gama sakandare, a matsayin ƙaramar ma'aikaciya. Mu ne ƙasa da kowa. Sama da mu akwai nas, wato Sista Binta, sama da ita kuma Hajiya Shugaba. Aikina in riƙe tire in Sista tana wankin ciwo, in naɗe bandeji, in rarrashi yara masu kuka. Babban namiji kuwa ban taɓa sa hannu a jikinsa ba. Wannan aikin Auwalu ne, abokin aikina.

Jinyar ƙuna tana cin kaya, wannan kun riga kun fara gani. Shi ya sa ƙungiya take shirya gudu don neman gudummawa. Ba irin gudun fanfalakin da ake nunawa a talabijin ba ne, ya fi shi nisa nesa ba kusa ba. Masu gudun suna tashi daga Tsanyawa bayan sallar asuba, su biyo titin Katsina ta Bichi da Dawanau da Kurna, su shigo birni ta Ƙofar Ruwa, su ƙare a gindin Dutsen Dala. A hanya ana kafa tashoshi. Tasha dai tebur ce da jarkokin ruwa, da kula ta ƙanƙara, da dabino, da ruwan gishiri da sukari, da almakashi, da waya. Kowace tasha mutum biyu ne, namiji da mace. Motar rakiya kuma tana bin masu gudun da Sista a ciki.

Yaya Bukar shi ne dalilin da ya sa mutane suke fitowa kallo. Tela ne a kasuwar Kurmi, asalinsu Borno, amma tun kakanninsa suke Dala. Janareta ya kama da wuta yana zuba masa fetur, ya ƙone baya da ƙirji da hannaye biyu. An yi masa dashen fata, ƙungiyarmu ta yi jinyarsa, da ya warke ya ce shi da ƙafafunsa zai rama alheri. Kullum cikin riga mai dogon hannu yake, har wuya, ko da zafi ya kai inda ya kai. Ban taɓa ganin jikinsa ba. Mutum ne mai barkwanci, Ƙaramar Likita yake ce min.

Kafin ranar, Sista ta tara mu ta yi mana bayani a kansa shi kaɗai. Ta ce fatar da aka dasa ba ta yin gumi, gumi kuwa shi ke fitar da zafi daga jikin mutum. Saboda haka zafin da wani zai zubar a hanya, shi a cikinsa yake taruwa. Ta ce in muka ga yana tangaɗi, ko yana magana ba kan gado, kada mu jira kowa. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, kada a ɗura masa komai a baki in ba ya cikin hayyacinsa. Na ji, na gyaɗa kai. A raina na ce ai Auwalu yana nan.

An ba mu tashar ƙarshe, cikin lungu bayan an shigo Ƙofar Ruwa, kusa da unguwarmu. Baba Alhaji Sule ne ya ba mu inuwar ƙofar gidansa. Dattijo ne, tsohon baduku mai sana'ar fata, aminin mahaifina tun suna samari. A hannunsa na tashi kamar 'yarsa. Da ya ga ina jera kofuna sai ya ce, "Yau 'yar Malam Garba ta zama likita. To ki duba min gwiwar nan kafin ki tashi, amma kyauta." Dattawan da ke kan dakali suka yi dariya.

An sa gudun a ƙarshen damina don ana zaton za a samu sauƙin rana. Ba a samu ba. Ranar sama ta buɗe tarwai, ga zafin kaka mai dafa mutum, iska ko kaɗan ba ta motsi. Kafin azahar ƙanƙararmu ta narke saura 'yan ƙulle-ƙulle. Auwalu ya ce bari ya hau adaidaita ya sayo wata, yanzu zai dawo. Sista kuma ta kira ta ce motar ta tsaya a Kurna, ɗaya daga masu gudun ya yi targaɗe, Yaya Bukar ya yi gaba shi kaɗai.

An idar da azahar, mutane sun dawo dakali, sai na hango shi. Da ganin tafiyarsa na san ba lafiya ba. Ba gudu yake ba, ba kuma tafiya ba, yana zuwa kamar wanda ƙasa ke zamewa a ƙarƙashinsa. Jama'a suna ta tafi, suna "Saura ƙiris, Bukar! Ga Dala can!" Na tare shi da kofi, na ce, "Yaya Bukar, sannu, ga ruwa." Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Falmata, wa ya ɗauke min zaren? Mai rigar yana jira." Falmata sunan ƙanwarsa ne. Sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya zube a gaban teburin.

Na waiwaya ina neman Auwalu, alhali na san ba ya nan. Na roƙi maza biyu suka ja shi inuwa. Na ɗauki almakashi. Wallahi ban san yadda aka yi na yanka rigar nan ba, ji nake kamar hannun wata ne. Na tsaga ta daga wuya har ƙasa na buɗe.

Wurin ya yi tsit, sannan salati ya tashi. Ni da nake ganin ƙuna kullum ban taɓa ganin irin wannan ba. Fatar ta tattare wuri-wuri, wani wajen fari, wani wajen ja, tana sheƙi, a bushe ƙayau. Wata mata da ta leƙo daga soro ta rufe fuska da mayafi. Na ɗaga jarka na fara kwara masa ruwa.

"Ke Hindatu!"

Muryar Baba Alhaji ce, amma ban taɓa jin ta haka ba. Ya taso, ya tuɓe babbar rigarsa, shadda mai nauyi, ya lulluɓe Yaya Bukar daga wuya har gwiwa.

"Ki ji tsoron Allah. Bawan Allahn nan shekara da shekaru yana ɓoye jikinsa, ke ki tsiraita shi a bainar jama'a? In ma lokacinsa ne ya yi, ai a bar shi ya tafi da suturarsa."

Wani daga baya ya ce, "Kuma ba a zuba wa mai zafin jiki ruwan sanyi, jikinsa zai shanye." Wani ya ce, "Yaran yanzu! Ina namijin da ke wurin?" Wani dattijo ya tsuguna a kansa ya fara laƙanta masa kalmar shahada. Aka kewaye shi, aka toshe duk inda iska za ta shigo.

Na koma gefe na kira Sista.

"Sista, ya faɗi. Ba ya gane mutane. Na cire rigar, amma Baba ya rufe shi."

"Ya rufe shi da me?"

"Da babbar riga."

"Innalillahi. Hindatu, cire ta yanzu. Muna cikin cunkoso, ba za mu iso da wuri ba. In zafin nan ya ci gaba da hawa, gawa za mu zo ɗauka. Kina jina?"

"Sista, Baba Alhaji ne fa."

"Ko waye. Cire."

Ku da ba 'yan cikin birni ba, wataƙila ba za ku gane nauyin abin ba. A tsaye ban taɓa yi wa mutumin nan magana ba, sai a durƙushe. Ga aminan mahaifina jere suna kallo. Ga Yaya Bukar a ƙarƙashin shadda, numfashinsa yana fita da sauri da sauri, leɓɓansa sun bushe.

Na je na durƙusa. Na ce, "Baba, ka yafe min." Na kama rigar na yaye.

Aka ɗauki "A'a! A'a!" Baba Alhaji ya sunkuyo zai mayar. Na riƙe gefen rigar gam, shi yana ja ina ja, hawaye suna zubo min. Na ce, "Baba, don girman Allah kafin ka rufe, ka taɓa shi. Ka taɓa ƙirjin kawai."

Ya dube ni har na zaci mari zan sha. Sai ya sa tafin hannunsa a kan fatar. Ya janye da sauri, ya sake mayarwa, ya shafa a hankali da yatsu, kamar yadda na sha ganin yana duba fata a zaurensa. Ya taɓa goshin, wanda wuta ba ta ci ba, ya ji shi a jiƙe. Ya koma ƙirjin.

"Wannan ba ta da ƙofa," in ji shi a hankali. "Zafin ba shi da ta inda zai fita."

Na ce, "Shi ne, Baba. Rigar dafa shi take yi."

Ya miƙe. "To ku me kuke kallo? Ɗanjuma, Malam Inuwa, ku tuɓe rigunanku. Ku riƙe su a tsaye, ku juya baya, ku ja da nisa iska ta shiga. Mata, a fito da ruwan randa, duk gidan da ke da firji a kawo abin da ke ciki. Ke kuma zuba."

Haka aka yi. Dattawa suka tsaya suka ɗaga riguna suka zama labule, fuskokinsu a waje. Ni da Baba Alhaji muna ciki. Ina kwara ruwa, shi ya tsoma hularsa a bokiti yana shafa masa a wuya, sannan ya karɓi murfin kula yana yi masa fifita. Bokitai suna shigowa ta ƙarƙashin rigunan. Wata mai sayar da zoɓo ta turo duka ƙullin da ta daskarar, na cusa su a hammatarsa da wuyansa, jan ruwan yana gangarowa kamar jini, har wani ya leƙo ya yi salati, Baba ya daka masa tsawa ya juya.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san na yi ta kiran sunansa ba ya amsawa, har na fara jin wanda ya ce jiki zai shanye ko shi ne mai gaskiya, ko ni ce nake kashe shi. Wannan tunanin shi ne har yau yake tashina daga barci. Can sai ya yi wani dogon nishi, ya motsa kai, idanunsa suka tsaya a kaina. Na ga ya gane ni.

Auwalu ya iso da ƙanƙara a kafaɗa, ya tsaya baki buɗe. Da motar ta iso ba ta iya shiga lungun ba, sai a tabarma aka ɗauke shi zuwa titi, da jiƙaƙƙen zani a kansa wanda Sista ta ce a yafa sama-sama. Motar ta tashi. Na zauna cikin caɓin ruwa da zoɓo. Baba Alhaji ya ɗauki rigarsa da ta ɓaci, ya dube ta, ya ce, "Shaddar sallata ce fa. Zan kai ƙara wurin Malam Garba." Na so in yi dariya, kuka ya fito.

Yaya Bukar ya kwanta a asibiti, likita ya ce zafin ya taɓa ƙodarsa amma za ta farfaɗo, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Da na je dubiya na same shi da riga har wuya. Muka gaisa, sannan ya ce, "Ƙaramar Likita, sun gani ko?"

Na ce, "Sun gani, Yaya. Kafin a yi labule."

Ya juya fuska bango. Sannan ya ce, "To Allah ya saka." Ban san ko ya huce da ni ba, kuma ban da ƙarfin halin tambaya.

Ga abin da nake so ku riƙe. A tasha, kafin mota ta iso jama'a sun iso, kuma ba wanda zai zo da mugunta. Mutanenmu in suka ga mutum a ƙasa, abin da hannunsu zai fara yi shi ne su rufa masa asiri, don haka aka tarbiyyantar da mu. Ranar nan wannan kirkin ne ya kusa kashe Yaya Bukar. Saboda haka kada ku kafa tebur sai kun zauna da dattawan wurin kun gaya musu abin da zai iya faruwa da abin da za ku yi. Ku ajiye zannuwan labule, ku san su wa za su riƙe. Kada namijin tasha ya matsa ko nan da can, ko ƙanƙara ta ƙare a aiki wani.

In kuma duk da haka kuka tsinci kanku ku kaɗai, kamar yadda na tsinci kaina, tsoron ba zai tafi ba, kada ku jira ya tafi. Ku durƙusa, ku nemi gafara, ku yaye rigar.