Ruwan Kaka a Falon Baba

Shekarar da ɓarin jikin Mama ya shanye, sai ta juya fuskarta ga bango. Matar da ta girma tsakanin gonar citta da rafin ƙauyensu a Madakiya, ga ta kwance a falonmu na Kafanchan, ko sauka daga gado ba ta iyawa. Magana ta dawo mata kaɗan-kaɗan, amma ta ƙi yin ta. Abinci kuwa sai an yi ta lallashi kafin ta buɗe baki. Matan zumunta na cocinmu sun zo sun yi waƙa, sun yi addu'a, ba ta waiwayo ba. Ni da na baro aikina a Kaduna na dawo jinya, tsoro ya kama ni sosai, don na ga alamun wadda ta fara sallama da duniya.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma bai taɓa yarda akwai matsalar da ta fi ƙarfin sifanar kwance noti ba. Wata safiya ya ce mini tunda Mama ba za ta je rafi ba, to rafi zai zo wurinta. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ashe da gaske yake. Ya sa mai yankan gilashi ya haɗa masa akwatin kifi mai tsawon benci, ya ɗora kan kabad kusa da gadonta. A cikin kabad ɗin ya ɓoye wani ƙaramin akwatin, ya jera masa soso da tsakuwa da gawayi. Ruwan akwatin sama zai malalo ta bututu zuwa na ƙasa, ya ratsa su ya tace, sannan famfo na lantarki ya sake tura shi sama. Haka zai yi ta zagayawa. Wani abokinsa ya kawo masa 'ya'yan karfasa a bokiti, ya rage sayen famfo kawai.

A wajenmu, kirkin famfo shi ne ya jiƙa fadama kafin rana ta yi zafi. Alhajin da ke sayar wa manoma injin ban ruwa a kasuwa ma haka ya ce.

"Baba, ɗauki mai ƙarfi. Ba a taɓa dawo mini da babba ba, ƙarami ake dawowa da shi."

Baba ya ɗauki mafi ƙanƙanta cikin manyan, ya dawo yana taƙama. Da ya kunna, ruwa ya feso kamar a wurin wankin mota. Kifayen nan suka watse, ruwa ya maka su a lungu. Akwatin sama ya cika ya tumbatsa kan ledar ɗaki, don bututun saukowa ba ya iya kwashe abin da ake turowa. Na ƙasa kuma ya ƙafe, famfo ya koma shan iska yana gurnani. Ina ta goge ƙasa ina mita, Mama ko motsi ba ta yi ba.

Sai Baba ya koma ɗaya gefen, ya sa wani direba ya kawo masa wani ɗan mitsitsin famfo daga Jos. Abin da aka rubuta a kwalinsa ba laifi, amma ashe wannan ƙarfin na turi a kwance ne. Da aka ce ya hau daga gindin kabad zuwa tsayin ƙirji, sai ɗigo. Ba a jima ba ruwan ya yi duhu, kifaye suka taso sama suna haki. Na ce ya mayar da su kogi tun kafin mu ɗauki alhakinsu. Ya yi kamar bai ji ni ba.

Na ukun matsakaici ne, mai aiki da batirin sola. A lokacin Baba ya gane dabarar: a sayi wanda ya ɗan fi buƙata, a sa bawul, wato abin murɗawa na rage ruwa, a bututun hawa, a riƙa ragewa. Sai dai a rage zuwa ina? Wata ranar Asabar da hantsi ya durƙusa gaban kabad yana murɗawa, ni ina tsaye a kansa muna musu. Sai muka ji murya daga gado, a hankali, harshe na nauyi.

"Ruwan Agusta ne wannan. Ba mai wanki a irin shi."

Fuskarta na bango har yanzu. Hannun Baba ya tsaya cak a kan bawul.

"Maman yara, in rage?"

"Rage."

Ya murɗa, ƙarar ta yi ƙasa.

"Ka kashe shi. Wannan na rani ne, sai kwaɗi. Ƙara kaɗan."

Ya ƙara, kamar mai taɓa ƙwai. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana zuba ta sama yana kurɗawa ta ƙasa.

"Tsaya nan," in ji ta. "Na kaka ke nan."

Na dubi gilashin, tsigar jikina ta tashi. Kifayen nan da suka sha wuya duk sun juyo sun fuskanci inda ruwa ke shigowa, sun jeru, kowanne ya tsaya wuri guda yana kaɗa wutsiya kaɗai. Saman ruwan yana rawa kaɗan, hasken taga na wasa a silin. Ba ta gan su ba. Da kunne kawai ta gano abin da su suka sani da jikinsu. Har yau in na tuna sai mamaki ya cika ni, yadda Ubangiji ya ajiye rafi guda cur a cikin kan matar nan, da daminarsa da raninsa, ciwo bai taɓa shi ba.

Baba ya ɗauko wani ragowar fenti ya ɗiga a kan bawul ɗin, daidai inda ta ce. Bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ki juya ni," Mama ta ce mini.

Na tallafe ta na juya ta, na gyara mata filo. Ta daɗe tana kallonsu.

"Kifin nan sun ci abinci?"

Na ce tukuna.

"To ki kawo nasu. Ki kawo nawa."