Mai Sallamar Motoci

A bakin ƙofar tasha wani dattijo yana tsaye cikin tsohuwar rigar aiki da guga ta cinye wa wuya, usur na lilo a ƙirjinsa. Wata matafiya da ke jiran mota ta cika ta kasa ɗauke ido daga kansa. Duk motar da ta yunƙura, sai ya ɗaga hannu ya busa usur, kamar da izininsa take fita. Direbobi ko kallonsa ba sa yi.

"Da can shi ne shugaban wurin nan," in ji mai sayar da tikiti. "An daɗe da sallamarsa, shi ne bai sallami kansa ba."

Ga wata mota ta tashi. Wannan karon dattijon ya cusa hannu a aljihu, ya ƙi busawa, kamar mai gwada abin da ya daɗe yana tsoron sani. Motar ta wuce shi, ta fita lafiya lau.

Ya bi hayaƙinta da kallo har ya baje. Sannan ya cire usur ɗin, ya zauna a benci kusa da matafiyar.

"'Yata," ya ce a hankali, "ashe ko ba ni suna tafiya."