Jan Zare a Yatsan Mutaru

A zangon Salaga kowa ya san Mutaru, ɗan Hudu tela, da mantuwa. Ba wawa ba ne, hankalinsa ne ba ya zama wuri ɗaya. A aike shi sayen gishiri, sai ya tsaya kallon masu gyaran mota, ya dawo hannu rabbana. Mahaifiyarsa, Mma Hanatu, ita ta soma ɗaura masa zare a yatsa: baƙi na aiken kasuwa, fari na masallaci, ja na abin da ba ya jira.

A shekarun tamanin ya koma Yendi, ya kafa rumfar gyaran rediyo kusa da tasha. Hannunsa na da kyau. In ya buɗe cikin rediyo sai duniya ta ɓace masa, ya wuni bai ci ba, bai ji kiran salla ba. Matarsa Zuwera, mai koko da ƙosai, ta gaji da tuni, sai ta ɗauki muryarta a kaset: "Maigida, makulli. Maigida, abinci. Ka biya wajen mai gawayi." Kullum da safe yana kunnawa, maƙwabta suna dariya. Wani lokaci dabarar ta yi aiki, wani lokaci kaset ɗin ne ke ɓata.

Wata safiya Wahabu, direban motar Salaga, ya leƙo rumfar.

"Yayanka Awudu ya ce ka zo yau. Jikin Mma ya matsa, kai take kira."

Nan take Mutaru ya miƙe. Ya ɗaura jan zare, ya soma tattara kaya. Zuwera kuwa ta riga ta tafi suna Savelugu. Yana shirin rufewa sai ga wani dattijo da rediyo, yana roƙo a duba masa. Mutaru ya ce waya ce kawai ta tsinke, yanzu zai haɗa. Ya haɗa, sai ya ji wata ƙara a ciki, ya bi ta. Da ya ɗago kai, rana ta yi ja. Idonsa ya sauka kan yatsansa. Ya ruga tasha ba takalmi, motar ƙarshe ta riga ta tashi.

Washegari da ya isa Salaga, ya tarar an dawo daga maƙabarta. Awudu na zaune a ƙofar gida cikin masu gaisuwa.

"Har ta daina magana idonta na bakin ƙofa," in ji Awudu.

"Yaya, wallahi na ɗaura zare."

"Ka ɗaura zare," Awudu ya maimaita, ya kau da kai.

Zaman Yendi ya gagare shi, don duk motar Salaga da ta shigo tasha sai ya ji kamar shi ake kallo. Suka tattara suka koma Bawku, wajen dangin Zuwera. Can wata ma'aikaciyar asibiti da ta kawo gyara ta lura da mantuwarsa, ta ce ta taɓa karanta irin wannan, lalura ce da ake haihuwar mutum da ita, ba rashin kula ba ne. Ya tambaye ta magani. Ta ce a nan dai ba ta san inda ake samu ba.

Daga nan ya daina karɓar rediyo fiye da ɗaya a lokaci guda, ya roƙi mai shayin da ke gefensa ya riƙa buga masa gwangwani in lokacin salla ko na tashi ya yi. Aiki ya ragu, tuwon gidan ma ya ragu. Duk fataken da za su Salaga yakan ba su saƙon gaisuwa da abin da ma'aikaciyar asibitin ta faɗa, su kai wa Awudu. Sukan dawo su ce sun isar, Awudu ya ce ya ji.