Na Je Garagumsa Neman Inna Habsu

Na bar gida ranar Laraba da ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, ko karyawa ban yi ba. Ni ce Falmata ta unguwar Birni, mai izu na goma sha bakwai. Wannan labarin naku ne, 'yan gurup ɗinmu na saukar Alƙur'ani, mu mata sittin da muke raba izu sittin ta waya duk mako, mu sauke ranar Juma'a. Ku karanta har ƙarshe, kada wadda ta turo mini "Allah ya ba da lada" kafin ta gama.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: Inna Habsu tsohuwa ce a wani ƙauye na Garagumsa, ita ke da izu na arba'in da ɗaya. Babu wadda ta taɓa ganin fuskarta a cikinmu. Ɗanta ya yi gadi a lakwal, makarantar bokon da wata 'yar gurup ke koyarwa, shi ya ba ta waya kafin ya tafi haƙar zinariya arewa. Ba ta rubutu, sai murya. Shekara uku, duk safiya sai ta aiko addu'a, tana kiran mai ciwo da mai ciki da mai jarrabawa kowa da sunanta. Lokacin da maigidana ya kwanta asibiti, muryarta nake kara masa a kunne. Da ya rasu, ita ce ba ta gaji da ni ba har na fita takaba.

Sai muryar ta ɗauke. Kwana goma sha biyu, Hajiya Rakiya, mai kula da gurup daga Yamai, ta yi gargaɗi cewa duk wadda ba ta shaida ta karanta izunta ba za a cire ta. Kwana goma sha tara, ta cire Inna Habsu, ta ba wata izun. Wata har ta rubuta, "Doka doka ce." Babu wadda ta ce ko tana raye? Ni ma sai ranar na tambayi kaina, shi ya sa fushin nan har da ni a ciki.

Damagaram zuwa Takeita

Na isa tasha shida saura kwata, amma ƙaramar bas ɗin ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Direban, Malam Sani, ya ba ni gaba don ya ga ina ɗingisawa. A shingen fita gari jandarmomi suka duba katin kowa, muka wuce.

Ban fita Damagaram ba tun damina. Na ji dai ana cewa hatsi bai yi ba, kamar yadda ake jin labarin wata ƙasa. Kafin Tirmini na fara ganin rumbuna an sauke musu jinka, baki buɗe, babu komai ciki. Gonaki fayau, ko kara babu, an kwashe wa dabbobi. Manyan motoci biyu suka gifta mu, maza maƙil har bisa kaya.

Malam Sani ya tambaye ni inda za ni, na faɗa masa. Ya dubi jakata.

"Me kika riƙe mata, Hajiya?"

"Sukari da shayi da dabino, sai turaren wuta da na haɗa da hannuna."

Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. "Turaren za ta dafa? In mun isa Takeita ki sayi hatsi. Can inda za ki, baƙon da ya zo da hatsi shi ne baƙo."

Kunya ta rufe ni. Muka isa tara saura minti ashirin. Kilomita hamsin ke nan. Wannan ce tazarar da ta gagare ni shekara uku.

Takeita zuwa ƙauye

Na sayi hatsi tiya goma da mai da gishiri. Malam Sani ya haɗa ni da wani mai babur ɗin kabu-kabu, dattijo mai furfura, sunansa Idi. Sunan ƙauyen ba zan rubuta ba, ba ta ba ni izini ba. Ni ma sai da na bi tsofaffin muryoyinta ɗaya bayan ɗaya kafin na tsinci inda ta taɓa ambatarsa.

"Habsu 'yar malam? Mai hawa tudu da waya?" in ji Idi. "Na san ta."

"Wane tudu?"

"Ai babu rezo a garinsu, waya ba ta kamawa. Sai ka yi tafiyar rabin awa ka hau tudun yashi."

Kun ji ko? Addu'ar da muke saurara a kwance bisa katifa, wasunmu ma suna hanzarta muryar don ta yi tsawo, tafiyar awa guda ce zuwa da dawowa.

Muka tashi tara da rabi, kilomita goma sha tara cikin rairayi. Sau ɗaya muka kife, buhun ya danne mini ƙafa. Idi yana ba ni haƙuri, na ce ya bari, da sauƙi.

Goma da rabi muka shiga garin. Mata da tsofaffi kawai na gani. A gidan na tarar da surukarta Zuwaira, matar ɗan nata da ya zo damina ya koma arewa, ciki ya tsufa, tana sauya ruwan anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki kafin su ciwu. Ta ce Inna ta tafi ɗibar ruwa tun asuba. Na ce wa Idi ya dawo mini gobe ƙarfe biyu.

Sai wajen sha biyu ta shigo, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana jan jaki da bido huɗu, jarkokin ruwa. Na miƙe na yi sallama kawai. Ta tsaya cik, ta saki igiyar.

"Falmata ta Birni! Muryarki ce wannan."

Ta riƙe fuskata da hannu biyu, tafinta kamar ɓawon itace. Na yi niyyar ba zan yi kuka ba, ban iya ba.

Bayan azahar ta ɗauko wayar daga cikin kwalla, a mace. Mai fanon hasken rana da ke yi musu caji ya tafi cin rani da kayansa. Rijiyar gari ta ƙafe, lokacin hawa tudu ya zama lokacin tafiya ruwa, Zuwaira kuma ba ta iya tafiyar. Sau ɗaya wani maƙwabci ya kai mata wayar Takeita ranar kasuwa, ya yi caji, saƙonni suka shigo. Nan ta ji gargaɗin Hajiya Rakiya.

"'Yata, ki roƙar mini gafararsu," in ji ta. "Na saɓa doka. Amma ki gaya musu ban taɓa barin izuna ba, ko mako ɗaya. Shaidawar ce ta gagare ni."

"Inna, ke ce za ki nemi gafara? Mu fa?"

"Ku me kuka yi?"

Na fiddo wayata na koma baya wata biyu. Ga muryarta nan, na kunna mata: "'Yan'uwa, rijiyarmu ta ƙafe, rumbu ya ƙare, ku sa mu a addu'a." A ƙarƙashinta amin arba'in da uku. Tawa ce ta uku. Daga nan hira ta koma kan ankon bikin 'yar wata. Ku je ku duba, yana nan. Tsohuwa ta faɗa mana da bakinta tana jin yunwa da ƙishirwa, muka danna mata amin da babban yatsa muka wuce. A cikinmu akwai matar babban ɗan kasuwa, akwai likita biyu, akwai wadda ta yi Umra sau biyu bana ta cika mana waya da hotuna.

Ina wannan faɗan, Inna Habsu tana murmushi.

"Arba'in da uku? Ni ban iya ƙirga su ba. Falmata, wa ke da mutum arba'in da uku masu ce masa amin a garin nan? Ranar da na sauko daga tudu ban ji nauyin ƙafata ba."

Da gaske take yi, ba don ta sanyaya mini rai ba. Ta ce tun da ɗanta ya tafi, mu ne mutanenta. Ta san wadda ta haihu da wadda ta yi ɓari, ta san sunan jikokinku. Godiyarta ta fi zagi yi mini ciwo.

Da yamma Zuwaira ta yi tuwo da hatsin da na kawo. Kafin a zuba mana, Inna ta sa aka kai kwano huɗu maƙwabta. Na ce hatsin ba zai kai ko'ina ba in haka za a yi. Ta ce su ma da nasu suka rufa mata asiri.

Alhamis, hanyar rijiya

Na ce sai na bi ta. Ta hana, na ƙi. Muka tashi shida saura kwata, mata tara da jakuna shida. Kilomita shida ne zuwa rijiyar wani gari da ba ta ƙafe ba tukuna. Muka tarar da layi, da makiyaya da garkensu. Guga na daɗewa kafin ya taɓa ruwa, ya fito da rabi, ja kamar kunun kanwa. Ni da ke cika muku kunne in famfon Damagaram ya kwana uku bai zo ba, na zauna ƙarƙashin wata aduwa ina haki, tsohuwar da ta girme ni da shekara ashirin tana jan guga.

A hanyar dawowa na ji tana motsa baki. Na matsa kusa. Izu na arba'in da ɗaya take karantawa da ka, tana bugun jaki a hankali.

"Gobe Juma'a," ta ce da ta kai aya. "Kada sauka ta yi giɓi saboda ni."

Ban faɗa mata an cire ta ba. Ban faɗa mata wata ce ke da izun yanzu ba. Muka iso gida sha ɗaya da rabi, ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Komawa

Idi ya zo biyu daidai. Na ba shi wayar Inna, muka shirya zai riƙa yi mata caji a Takeita yana kai mata duk Asabar. Na bar mata turaren duk da haka, ta ce za ta ajiye wa Zuwaira ranar suna. Muka isa Takeita da la'asar, na sami mota huɗu da rabi, na shiga gidana shida da minti ashirin.

Yanzu ku saurara. Jibi Asabar wayar za ta koma hannunta. Kafin nan a mayar da ita gurup, a mayar mata da izunta, kada kuma wadda ta kuskura ta gaya mata abin da muka yi. Laraba mai zuwa zan koma da hatsi, Malam Sani ya ce zai ajiye kujeru. Zuwaira na iya haihuwa kowace rana, babu ungozoma a garin, likitocinmu biyu kun ji. Wadda za ta je ta kira ni da murya, ba na son amin a rubuce. Sannan mu hamsin da tara da muka rage, kowa ta ɗauki suna ɗaya ta kira ta ji me aka ci a gidan yau.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma sa na same ta da rai, don ban san inda zan sa kaina ba da kabari na tarar. Na gode wa Malam Sani da ya gaya mini gaskiya, da Idi, da Zuwaira da ta bar mini tabarmarta.

Saura saƙo ɗaya. Har na hau babur Inna Habsu ta riƙo mayafina, ta ce akwai wadda ta kwana biyu tana ranta, tun da ta ji muryarta ta ƙarshe kamar a gajiye. Ta ce wata uku da suka wuce matar ta yi kukan ciwon gwiwa, ita kuma ba ta sake jin bayani ba, kuma kullum tana sa ta a addu'a. Ta ce in tambaya mata.

Hajiya Rakiya, Inna Habsu na gaishe ki. Ta ce yaya gwiwar?