Standa ko Tuwanti

Shekarar da aka sauke injin motar Babanmu ni na zama ɗan aike, alhali ban san komai a mota ba sai kujerar zama. Malamin firamare ne ni a Kebbe. Motar babba ce ta ɗaukar hatsi, mai silinda shida, Baba ya fi shekara ashirin yana tuƙa ta kafin hawan jini ya kayar da shi ya shanye masa ɓarin hagu. Daga nan Yayana ya karɓi tuƙi, amma bai karɓi makulli ba. Kullum ya dawo sai ya kai wa Baba, Baba ya tura shi ƙarƙashin matashi tare da na rumbu. Ba a ɗaukar lodi, ba a fitar da dami, sai da izininsa.

Yaya ya gaji da wannan, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Mutum mai 'ya'ya bakwai yana durƙuso neman makulli kowace safiya. Ga shi Baba ya fara abin da ke ba mu tsoro: ya taɓa cewa a kai bajimin nan kasuwa, bajimin da shi da kansa ya sa aka sayar bara. Yaya ya kai magana wurin Baffa, ƙanin Baba, cewa hankalin tsohon ya fara barinsa, a danƙa masa ragamar gida. Baffa ya ce ba zai yanke ba sai ya ji daga bakina, tunda ni nake zama da Baba kowace la'asar. Ya sa mana Juma'a mai zuwa.

A cikin wannan makon ne motar ta shiga garejin wani bakanike a Tambuwal. Tana shan baƙin mai kamar kunu, hayaƙinta ya koma shuɗi. Bakaniken, dattijo ne mai yawan shiru, ya ce ringi sun mutu, wato zobban ƙarfen nan da ke zagaye da fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin ramin silinda, suna hana mai haurowa. Ya kira ni a waya ya ce in tambayo masa tsohon direba abu ɗaya: an taɓa rarake ramukan injin? In ba a taɓa ba, fistan ɗin standa ne, yadda ya fito daga kamfani. In an taɓa faɗaɗa su, to an sa masu ɗan girma, ten ko tuwanti, wato lamba goma ko ashirin, kuma ringin kowanne daban ne. Yana so ya sani da wuri don ya aika Sakkwato a sayo.

Na rubuta kalmomin a bayan littafin darasi don kada in kwafsa, na je na zauna gefen tabarmar Baba.

"Baba, fistan na motarka wace lamba na?"

Bai ko yi tunani ba. "Standa na," ya ce, da bakin nan nasa da ya karkace.

Na ji daɗi har cikin raina. Na kira bakanike na faɗa masa da gadara, kamar ni na ƙera injin.

Washegari ina shirin tafiya makaranta Baba ya aiko a kira ni. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Ka gaya ma bakaniken ga tuwanti na. Ni da kaina nik kai injin Sakkwato anka rarake."

"Jiya fa kac ce standa na."

"Standa na mana."

"To, tuwanti fa?"

"Tuwanti na."

Na tsaya ina kallonsa. Fuskarsa babu alamar wasa, babu kuma alamar ya san ya faɗi abu biyu. Raina ya ɓaci, don ni mutum ne mai saurin hawa, yaran aji huɗu sun sani. Na sake tambaya da ƙarfi, kamar kurma nake yi wa magana, ya sake ba ni amsa biyun nan a natse. Na fita ban yi masa sallama ba. Ranar nan na koyar da raba lamba, har yanzu ban san abin da na rubuta a allo ba.

Da na gaya wa Yaya, bai yi murna ba, in faɗi gaskiya. Ya dai sauke numfashi.

"Ka gani ko? Abin da nika gaya maka ke nan. Ko motad da yas sani fiye da ɗiyanai ta ɓace mai."

Ranar Laraba na hau babur na bi hanyar Tambuwal, ramukan da damina ta bari suna jijjiga mini ƙugu. Na sami an buɗe kan injin, an zaro fistan shida an jera su a kan buhu, kowanne samansa baƙi ƙirin da gawayin shekaru. Bakanike ya ce tunda tsoho ya rikice, ƙarfe ba ya rikicewa, kamfani yana buga lambar a saman fistan. Ya ɗauki na farko, ya kankare da guntun zarto, ya goge da fetur, ya miƙo mini in karanta tunda ni ne malami. Haruffa uku ne na boko. Na karanta masa, ya ce standa ke nan. Ya ajiye. Haka ake yi, in ji shi, ɗaya ake dubawa ya wadatar, don ba a rarake rami ɗaya a bar biyar.

Yaya ma yana wurin, komai a gabansa aka yi. Na hau babur na koma gida. Rabin maganar Baba gaskiya ce, rabin kuma mafarki, kuma ban san ko rabin gaskiya yana isa a bar wa mutum makullinsa ba.

Ringin suka iso ranar Alhamis. Na sake komawa bayan an tashi makaranta, ba don ina da amfani ba, zaman gidan ne ya gagare ni. Bakaniken yana da wata ɗabi'a da Yaya yake kira ɓata lokaci: kafin ya ɗaura ringi a fistan sai ya fara tura shi cikin raminsa shi kaɗai, ya daidaita, ya duba tazarar da ke tsakanin bakinsa biyu. Ya yi na ɗaya, tazarar ba ta wuce kaurin reza ba. Na biyu haka, na uku, na huɗu. Da ya zo na biyar ya tsaya. Ya zaro, ya sa wani ringin, ya sake leƙawa. Ya ciro tsinken ashana daga aljihu ya zura a tsakanin, tsinken ya shige.

"Wanga rami ya cinye ne?" in ji Yaya.

"In ci na, da ba shi yi sumul haka ba," in ji bakanike.

Ya ɗauko fistan na ɗaya ya zura a rami na biyar, ya girgiza, muka ji yana ƙwas-ƙwas. Ya ɗauko na biyar ya kai bakin rami na ɗaya, ya juya, ya danna, ya ƙi shiga. Sai ya zauna a ƙasa ya kankare samansa. Lambar ta dushe, zafi ya ci wurin, sai da muka fita rana na karkata shi sannan na ga sifili da biyu da sifili.

Bakaniken ya daɗe yana juya fistan ɗin a hannu. Ya ce ya ji ana yi amma bai taɓa gani ba. Wataƙila rami ɗaya ne ya ƙarje a tsakiyar kaka, mai mota ba shi da halin tsayawa a yi duka shida, ya sa aka gyara ɗayan ya koma hanya. Biyar standa, ɗaya tuwanti.

Ban san yadda na iso Kebbe ba. Na shiga ɗakin Baba ko takalmi ban cire daidai ba, ina ba shi labari ina haɗa kalmomi. Ya saurara har na gama.

"Ba wanda yat tambaye ni wane," ya ce. "Na biyu na."

Murnata ta tsaya cak. "Na biyat dai, Baba. Da idona nig gani."

"Na biyu."

Na fito tsakar gida ina ƙirga da yatsu. Bakanike daga gaban mota yake ƙirgawa. In ka juya ka fara daga baya, daga inda direba yake zaune, na biyar shi ne na biyu. Na koma da sauri in tambaye shi daga ina yake ƙirge. Ya dube ni da fara'a irin ta baƙo, ya tambaye ni ko an ba bajimin nan ruwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka zauna a zauren Baffa, ni da shi da Yaya. Ya dube ni ya ce, tsakani da Allah, hankalin yayansa yana nan? Na fara ba shi labarin fistan, ramuka shida, tsinken ashana, ƙirge daga gaba da ƙirge daga baya. Baffa malamin littafi ne, bai taɓa riƙe sifana ba. Ya bar ni na yi ta zuba, ni kaina ina jin yadda maganar ke kwancewa a bakina, ya ɗaga hannu.

"Ba fistan nit tambaye ka ba. Shina nan ko ba shi nan?"

Na so in ce yana nan. Na tuna bajimin. Na so in ce ba ya nan, na tuna fistan ɗin da ya ƙi shiga rami.

"Ban sani ba, Baffa."

Suka dubi juna. Ashe a wurinsu wannan ma amsa ce. Baffa ya ce tunda ni ne na fi kusa da shi, ni zan je wurin Baba in karɓo makullan.

Na durƙusa gefen tabarmar na rasa ta inda zan fara. Ban buɗe baki ba Baba ya tura hannu ƙarƙashin matashi, ya lalubo makullan biyu, ya sa mini a tafi ya rufe yatsuna a kai.

"Ka ce ma yayanka shi kula da na biyun," ya ce. "Shi ka fara shan mai."